Ɗibar jini a wajen awo: abin da mai ciki za ta sa wa ido kafin allura ta taɓa ta

Ranar awo a asibitocin gwamnati na Legas, tun ƙarfe bakwai benci ya cika. Idan aka zo kan ɗibar jini, sau da yawa mutum ɗaya ne a kan tebur, tire ɗaya a gabansa, mata kuwa layi har waje. Matar da ta taso daga Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 tana zaune tana kallon hannun nan da ke ta aiki ba tsayawa, tana tambayar kanta ko an canza allurar da aka soka wa wadda ta gabace ta. Ga harshe ya bambanta, ga kunya. Wasu sai su karɓi takardar gwajin su ninke su jefa a jaka, ba za a sake jin labarinta ba sai ranar naƙuda.

Wannan tsoro yana da tushe, bai kamata a yi wa mai shi dariya ba. Allurar da ta shiga jikin mai ciwon hanta nau'in B, idan aka soka wa wani, haɗarin kamuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100 idan ƙwayar cutar tana da yawa a jinin mai ita. Na ƙanjamau ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kusan 3 cikin 1000, amma ba wadda za ta so ta shiga cikin ukun nan. Ƙwayar ciwon hantar kuma tana da naci, tana iya yin mako guda a raye a cikin busasshen jini a kan tebur ko tire. Sai dai duk abin da ke kare ki daga wannan a gaban idonki ake yin sa, cikin minti biyu zuwa uku. Idan kin san abin dubawa, ba ki da dalilin guje wa gwajin.

Ki fara da allurar, don ita ce babba. Sirinji sabo yana zuwa ne a rufe cikin ledarsa, gefe ɗaya takarda, ɗaya gefen leda mai nuna abin da ke ciki, da kwanan watan lalacewa a jiki. A gabanki ya kamata a yage ta. Idan kin zauna kin tarar da sirinji a buɗe a kan tire, ko ledar ta jiƙe ko ta huje, ki ce a kawo wani, ko da an ce miki yanzun nan aka buɗe shi. Kan allurar da aka fi amfani da shi kore ne, lamba 21, ko shuɗi, lamba 23, ga mai siririyar jijiya. Wasu ɗakunan gwaji ba sa amfani da sirinji sam, suna da allura mai baki biyu da ake ɗaurawa a jikin wata 'yar roba, kwalbar gwajin ce ke zuƙo jinin da kanta. Irin wannan allura tana da siririyar takarda da ta manne murafenta biyu, sai an murɗa take yagewa. Ki ga takardar nan lafiya lau kafin a murɗa. 'Yar robar da ke riƙe allurar ba ta shiga jiki, amma idan kin ga jini a jikinta, ita ma a sauya.

Safar hannu tana ruɗar mutane da yawa. Ganin ta a hannun ma'aikaci yana kwantar da hankali, alhali safa ɗaya da ta taɓa mata ashirin, ta taɓa biro da waya da kati, ma'aikacin kaɗai take karewa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar ɗibar jini da ta fitar a 2010 ita ce a tsabtace hannu kafin kowane mutum da bayansa, kuma kowane mutum da sabuwar safarsa. Wanke hannu da sabulu da ruwa yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa man tsabtace hannu mai sifirit kuwa 20 zuwa 30. A ranar cunkoso ana iya tsallake wannan mataki.

Sai sifirit, kuma a nan ne ake yawan kuskure ba tare da kowa ya lura ba. Wanda ake so shi ne mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. A goge wurin da shi sosai na kusan daƙiƙa 30, daga tsakiya a yi waje, sannan a bar shi ya bushe da kansa na wasu daƙiƙa 30. Bushewar nan tana cikin aikin, don a lokacin ne sifirit ke gama kashe ƙwayoyin cuta. Kada a hura da baki, kada a share da busasshiyar auduga. Idan aka soka allura a kan jiƙaƙƙen sifirit, raɗaɗin ya fi yawa. Kuma idan an gama gogewa, yatsa ba ya komawa wurin. Mai ɗiba ya kan so ya sake laluba jijiyar don ya tabbatar. Idan ya taɓa, sai a sake gogewa daga farko. Ki kuma kalli inda audugar ta fito. Akwai al'adar mulmula auduga da yawa a jiƙa ta a cikin kwano ɗaya tun safe. Kafin azahar, a zafin Legas, sifirit ɗin ya tashi ya bar danshi, ga yatsu suna ta shiga suna fita. Abin da ya dace shi ne 'yar audugar da ke zuwa a rufe cikin takardarta ɗaya ɗaya, ko kuma a tsiyaya sifirit daga kwalba a kan sabuwar auduga a lokacin da za a yi amfani da ita.

Igiyar da ake ɗaure damtse da ita ba ta huda fata, saboda haka haɗarinta kaɗan ne, ko da robar ƙarin ruwa aka yanko. Idan da tabon jini a jikinta, ki nemi wata. Ana ɗaura ta kamar faɗin yatsu huɗu zuwa biyar sama da inda za a soka, kuma bai kamata ta wuce minti biyu ba, don daɗewarta tana canza sakamakon gwajin. A kwance igiyar kafin a zare allura. Da an zare, ki danne da busasshiyar auduga minti biyu zuwa uku, hannu a miƙe. Lanƙwasa gwiwar hannu da aka saba yi shi ke sa jini ya taru a ƙarƙashin fata wurin ya yi baƙi.

Kafin ki tashi, ki bi allurar da kallo. Wurinta kwalin zubar da allurai, galibi ruwan ɗorawa ne, mai ƙaramin rami a sama, kuma yana kusa da hannun mai ɗiba. Ana jefa ta nan take, ba a mayar mata da murfi da hannu biyu, ba a ajiye ta a tire "sai anjima". Idan kwalin ya kai kashi uku cikin huɗu ana rufe shi, a Legas kuma hukumar kwashe shara ta jihar, wato LAWMA, ce ke kula da kwashe sharar asibitoci. Allurar da kika ga ta faɗa kwalin nan ba za ta taɓa wadda ke bayanki ba.

Hujin yatsa ya fi samun sakaci saboda ana ganin sa ƙaramin abu. Da shi ake gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, da na ƙanjamau, da na suga, wani lokaci da awon yawan jini. 'Yar tsinken da ake huda yatsa da ita ma sau ɗaya ake amfani da ita, tana da kai da ake murɗewa a cire a gabanki. Abin lura a nan shi ne na'urar nan mai kama da biro da ake sa tsinken a ciki. An yi ta ne don mutum ɗaya a gidansa. Ko an canza tsinken, jini na iya maƙalewa a bakinta. A gefen yatsan tsakiya ko na zobe ake hudawa, a share ɗigon farko, kuma kada a matse yatsan da ƙarfi, don ruwan tsoka yana gaurayawa da jinin ya ɓata sakamako.

Akwai wani abu da ba na ƙazanta ba ne amma illarsa ba ta gaza ba, wato sunan da ke kan kwalba. A layi ɗaya na matanmu, masu suna A'isha ko Fatima ko Hauwa nawa ne? Sunan uba ko na miji ma sau da yawa iri ɗaya ne, mai rubutawa kuma ba lallai ya saba da sunayen Hausa ba. A rubuta sunanki da lambar katinki a jikin kowace kwalba kina zaune, ki duba, ko ki sa wanda ya rako ki ya duba. Rukunin jinin wata a katinki babbar matsala ce ranar da ake neman yi miki ƙarin jini da gaggawa.

Yawan kwalaben kuwa kada ya firgita ki. Mai murfi shunayya ta awon yawan jini ce da gwajin sikila, mai jan murfi ko ruwan ɗorawa ta ciwon hanta da tunjere da makamantansu, mai ruwan toka ta suga. Kowacce tana ɗaukar mililita 2 zuwa 5, duka duka cokalin shayi biyu ko uku, a jikin da jininsa ke ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100 a lokacin goyon ciki. Wannan ba ya jawo ƙarancin jini. Maganar ana tara jinin a sayar ma ba ta da kan gado: ledar ƙarin jini tana ɗaukar kusan mililita 450 daga mutum ɗaya, jinin kwalban gwaji kuma ya gauraya da sinadari ko ya daskare, ba a iya ƙara wa kowa shi.

Abin da mace ke rasawa idan ta ƙi gwajin ya fi ƙarfin abin da take gudu. Mai rukunin jini Rhesus nagatif tana buƙatar allurar anti-D, mai hana jikinta yaƙar jinin jariri, a wajen mako na 28 da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne, in ba haka ba cikin da zai biyo baya ne ke shan wahala. Jaririn uwa mai ciwon hanta B yana buƙatar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Ƙanjamau yana wucewa daga uwa zuwa ɗa a kashi 15 zuwa 45 cikin 100 idan ba magani, da magani kuwa yana sauka ƙasa da 5. Tunjere yana iya kashe ɗa a ciki, alhali allurar fenisilin tana warkar da shi. Duk waɗannan na iya zama a jikin mace tana jin kanta garau.

Inda za a yi gwajin ma abin dubawa ne. Asibitoci da ɗakunan gwaji masu zaman kansu a jihar Legas suna rajista da HEFAMAA, hukumar jihar mai sa ido a kan wuraren kiwon lafiya, masu aikin gwajin kuma suna ƙarƙashin MLSCN, majalisar ƙasa mai kula da aikin ɗakunan gwaji. Ba laifi ba ne maigida ya nemi ganin takardar rajista. Bayan kantin kemis, ko masu yawo da jaka a kasuwa da tasha suna cewa suna gwada jini, ba wurin mai ciki ba ne komai sauƙin kuɗinsu. Wannan tsantsenin kuma ya kamata ya biyo mu gida, kan askar wanzami da almakashin mai yankan farce da rezar da ake karɓa-karɓa, don hanyar cutar ɗaya ce.

Yin magana ba rashin kunya ba ne. "Sista, don Allah a buɗe sabuwa a gabana" ta wadatar, da Hausa ko da ɗan Turancin buroka da kike ji, ko ki nuna da hannu. Ki faɗa tun kafin a ɗaura igiya. Ki sha ruwa sosai kafin ki fito, musamman idan laulayi yana sa ki amai, don rashin ruwa ne ke sa jijiya ta ɓuya. Ki ci abinci sai dai idan an ce gwajin suga ne na mako 24 zuwa 28 da ake zuwa ba a karya ba. Idan an soka ba a samu ba, a sake da sabuwar allura, bayan karo biyu kuma a kira wani. Idan kika ji zafi kamar wutar lantarki ya sauka zuwa yatsu, ki ce a zare nan take. Idan jiri ya ɗebe ki, ki kwanta ta gefen hagu, ba rigingine ba.

Idan kuwa kina da tabbacin an soka miki allurar da aka yi amfani da ita, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana, kada ki matse, kada ki zuba ruwan bilic. Ki sanar da shugabar nas-nas ko likita a ranar, kada ki bari sai awo na gaba. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, ana shan sa kwana 28, kuma ana ba mai ciki. Rigakafin ciwon hanta B ma ana yi wa mai ciki. Ɗan baƙin da ya fito a wurin allura yana washewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma ja mai yaɗuwa, ko kumburi mai zafi, ko mugunya, ko zazzaɓi, waɗannan a koma da su asibiti a ranar da aka gan su.