Rawanin da aka naɗe wa Baba a ƙirji

Sa ne ya tunkuyi Baba a gefen dama muna ɗaura amalanke za mu kai taki gona, wallahi ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Mai ɗori ya zo ya shafa ya ce haƙarƙari biyu sun tsage, ya ɗauko tsohon rawani ya naɗe ƙirjin tamau. Zafin ya ɗan lafa kam amma kwana uku Baba numfashi sama-sama yake yi, tari ma tsoronsa yake ji, dole muka kwashe shi sai asibiti a Ringim.

Nas ɗin na gani ta ce "Baba sannu, ku yi haƙuri rawanin nan sai an kwance shi."

Ni a da na ɗauka huhu ne ke jawo iska da kansa, ashe ƙirji ne ke yin aikin, tamkar zugazugin maƙeri. Haƙarƙari 24 gare mu, 12 kowane gefe, bakwai na sama guringuntsi ya haɗa su da ƙashin ƙirji kai tsaye, uku sun rataya a jikin na samansu, biyun ƙarshe kuwa bakinsu a sake yake ta gaba. In za ka ja numfashi tsokar da ke tsakaninsu sai ta ɗaga su, na gefe su buɗe kamar an ɗaga mariƙin bokiti, ƙashin gaba ya taso kamar hannun famfon tuƙa-tuƙa. A lokacin ne kuma faifan tsokar nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda duk mai feɗe ragon layya ya san shi, yake sauka ƙasa, wuri ya samu iska ta shige. Fitarta kuwa in mutum na zaune lafiya ba wahala, tsoka ce za ta saki komai ya koma mazauninsa. Sau 12 zuwa 20 babba ke yin haka duk minti ɗaya.

To mu duk wannan motsin muka ɗaure da rawani. Ƙasan huhu ba ya buɗewa, majina ta kwanta, ta nan limoniya ke samun ƙofa, ga Baba da shekaru. Raina ya ɓaci sosai don da hannuna na riƙe bakin rawanin ana naɗewa.

Maganin zafi aka ba shi aka ce ya dinga jan dogon numfashi, in tari ya zo ya rungume filo a wurin ya yi abinsa. Wajen sati shida ya ɗauka kafin ya iya kwanciya ta gefen daman.