Yadda muka nuna wa 'yan ƙaramar sakandare hanyoyin sana'a a Sakkwato

A shekarun farko abin da kowa ke yi muka yi. Mu tara ɗalibai a babban zaure, mu gayyato likita da lauya da injiniya, kowa ya riƙe makirufo na minti ashirin, a tafa, a watse. Bayan mako guda ka tambayi yaro me yake son zama, ya ce likita, amsar da yake bayarwa tun yana firamare. A nan na gane ɗan shekara 12 zuwa 14 ba ya zaɓar abin da hannunsa bai taɓa ba. Sai muka bar zaure muka koma kan tebura.

'Yan aji biyu muke ɗauka, domin 'yan aji uku hankalinsu na kan jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, kuma a lokacin iyaye da yawa sun riga sun yanke inda yaro zai dosa. Watan Janairu ko Fabrairu ya fi, tun da sauran sanyin hunturu. Da zarar Maris ya yi nisa zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, ba yaron da zai tsaya gaban faifan sola yana sauraronka. Tebur biyar muke kafawa, yara takwas a kowanne, minti 25 na aiki da biyar na sauya wuri. Cikin awa biyu da rabi yara 40 sun zaga duka. Idan aji ya fi haka a raba shi kwana biyu. Mun gwada yara goma sha biyu a tebur, sai ya zama huɗu na aiki, takwas na leƙe ta saman kafaɗa.

Teburin lantarki ya fi jan yara, shi ne kuma ya fi cin kaya. Kowane yara biyu muna ba su batir mai volt 9, da ƙaramin jan ƙwan LED, da resista mai om 470 (ɗan abin da ke rage wutar da ke isa ƙwan), da waya mai bakin kada guda uku. Ƙwan na da ƙafa biyu, doguwar ita ke fuskantar fositif. In an juya ba zai kama ba, a bar yaran su gano dalili da kansu. In kuwa suka tsallake resista, nan take ƙwan zai ƙone, don abin da yake buƙata bai fi volt 2 ba, saboda haka a tanadi ƙwai ninki uku na adadin yara. Daga nan mu fita waje da faifan sola mai wat 20 da mitar auna wuta. A rana tsaka mitar kan nuna wajen volt 21. Da farko mun ɗauka in muka goge ƙurar hunturu yara za su ga lambar ta tashi, sai ta ƙi motsi sosai. Ƙura ba volt take ragewa ba, yawan wutar da ke gudana take ragewa. Sai an mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A, a auna kafin gogewa da bayanta, sannan bambancin ke fitowa. Haɗarin yana nan: yaro ya manta jar wayar a ramin 10A ya kai ta kan batirin mota, sai tartsatsi, fiyus ya tafi ko mitar ta lalace. Yanzu babban batir ba ya zuwa teburin sam.

A nan muke shigo da lissafi ba tare da mun kira shi lissafi ba, mu ce a gano girman batirin da gida ke buƙata. Fanka mai wat 15 ta yi awa shida, 90 ke nan. Ƙwai uku masu wat 5 su yi awa biyar, 75. Jimla 165. A raba da 12, wato volt ɗin batirin, a sami kusan 14, sai a ninka biyu tunda batirin ruwa ba a shanye shi ƙasa da rabi. Yaron da ke gudun rabawa a aji sai ka gan shi ya duƙufa, don gidansu yake lissafa wa.

Teburin gini ba ya buƙatar siminti. Igiya, turaku uku da tef sun isa. A auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan, idan tsakaninsu ya ba da 5 kusurwa ta daidaita. Abin da ke rikita yara shi ne tef ɗin na da inci a baki ɗaya, santimita a ɗayan. Makaranta da santimita take koyarwa, magini da tela da kafinta kuwa da inci suke magana, bulo ma mai inci tara ko shida ake cewa. A faɗa musu tun farko cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne, a tsayar da baki ɗaya da za a yi aiki da shi.

A keken ɗinki na ƙafa ba ma sa zare da farko. Takarda mai layi ake sawa, yaro ya bi layin da allura. Wahalar tana ƙafa: in keken ya juya baya da zare a ciki, sai zaren ya cukurkuɗe a ƙasa, telar ta ƙare minti 25 ɗin tana warwara. Dabarar ita ce a fara juya ƙaramar tayar da hannu zuwa wajen ƙirji, sannan ƙafa ta karɓa.

Dukanci ne na huɗu, kuma shi na fi so. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da suna har ƙetaren Sahara, amma yara da yawa ba su san da bagaruwa ake jima ba, ko cewa daga karan dafi ake samun jan rini. Baduku kan yanko fatar tun daga gida ya huda ta, yara su ɗinka mariƙin makulli su tafi da shi. Wuƙa da basilla a hannunsa suke zama. Tebur na biyar mukan sauya shi, wani lokaci renon irin albasa, wani lokaci ma'aikaciyar jinya da ma'aunin zafi da na hawan jini. Sabuwar manhajar da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 ta sa haɗa sola da ɗinki da kiwo da gyaran waya cikin darussan sana'a, don haka tebur biyar ɗin ba su yi nisa da abin da ake so ba.

Zaɓen mai sana'a ya fi sayen kaya wuya. Gwanin gwanaye sau da yawa ba ya iya kallon yaro na ɓata aiki, sai ka ji “kawo nan”, ya ƙarasa da kansa. Sharaɗinmu shi ne ya nuna na minti biyar, daga nan hannunsa a baya, bakinsa kawai ke aiki. A biya shi kuɗin yininsa, tunda shago ya rufe ya zo. 'Yan mata kuma rukuninsu daban muke yi, su zaga duk teburan. In aka gauraya, maza ke wawure kayan aiki.

Duk wannan ba ya kai ko'ina idan iyaye ba su ga hanyar a takarda ba. Shafi ɗaya muke bugawa da Hausa. Bayan aji uku akwai babbar sakandare da ke ƙarewa da WAEC ko NECO. Akwai kwalejin fasaha ta shekara uku, kamar ta Farfaru da ta Runjin Sambo, inda ake rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Akwai kuma zaman shago, wanda za a iya ɗaure shi da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya. Abin da ya fi kwantar da hankalin iyaye shi ne jin cewa da sakamakon NABTEB mai kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, yaro na iya rubuta JAMB ya nemi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko jami'a. Ga wadda ke son jinya ko ungozoma ko kwalejin lafiya ta Gwadabawa, mukan ja layi a ƙarƙashin magana ɗaya: dole ta shiga ajin kimiyya tun shekarar farko ta babbar sakandare. In ta kauce, gyara sai an sha wuya.

Wani uba zai ce, “Malam, mu ba maƙera ba ne.” Ba na musu da shi. A garin da ake da unguwa irin Maƙera Assada, an san ƙira da jima da fawa da wanzanci gado ne, kuma ba a taron iyaye za a warware wannan ba. Sai in ce, “Gaskiya ne Baba, to sola fa, gadon wane gida ce?” Yawanci a kan yi dariya, magana ta buɗe daga nan.

Waɗanda suka nuna sha'awa mukan haɗa su da shago na mako uku a dogon hutu, daga ƙarfe tara zuwa azahar, don kada a ci lokacin Islamiyya. Abu biyu ke ɓaci. Na farko, yaro ya zama ɗan aike, shara da sayo abinci, ya dawo bai riƙe sukundireba ba. Maganinsa yarjejeniya a rubuce da maigidan shago, mai ɗauke da abubuwa biyar da yaro zai iya yi da hannunsa kafin hutu ya ƙare, malami kuma ya leƙa sau ɗaya a mako ba tare da sanarwa ba. Na biyu ya fi muni: yaro ya ɗanɗana kuɗi, makaranta ta fita ransa. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin matakin farko ga kowa a 1999, kuma dokarsa ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, don haka mukan gaya wa maigida ƙarara cewa aro muka ba shi. Duk abin da zai ba yaro ya bi ta hannun uba, kuma ranar da aka koma makaranta shago ya koma Asabar kawai. Walda da feshin fenti da ruwan batir ba ma tura 'yan wannan aji wurinsu ko da iyaye sun roƙa.

Kowane yaro na da littafi mai shafi 20 da yake rubuta abin da ya taɓa, da abin da ya ɓata, da sunan kowane kayan aiki yadda masu shago ke kiransa. A zangon farko na aji uku mukan zauna da shi da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, a buɗe littafin tare da sakamakonsa na lissafi da kimiyya, kafin a cike fom ɗin makarantar gaba.