Bargon ƙyallayen atamfa: inda 'yan koyo ke ɓata aiki

Abin da ke wahalar da mai koyon ɗinkin bargon ƙyallaye, wato wanda ake yanka ƙyallaye murabba'i-murabba'i a haɗa su layi-layi, shi ne, kuskure ba ya bayyana a wurin da aka yi shi. Za ki ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa a layi na bakwai, alhali ɓarnar tun a wurin yanka aka yi ta. Ko ki ga bargo ya yamutse bayan wankin farko, ki ɗora wa keke laifi, nan kuwa ƙyallen ne ba a jiƙa ba kafin a sa masa almakashi. Don haka idan aiki ya lalace, kada ki tsaya kallon inda ya lalace, koma baya mataki ɗaya ko biyu, can za ki tarar da dalilin.

A fara da ƙyallen kansa. Buhun ragowar yadin da ake samowa a shagon tela gauraye yake: atamfar auduga, atamfar roba, shadda, leshi, har da yadi mai talewa. Ba sa zama lafiya a bargo ɗaya. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100, roba kuwa ba ta motsi, sai ɗaya ya ja ɗaya, ɗinki ya tattare. Idan kina shakkar wani ƙyalle, yanki ɗan guntu ki kanga masa ashana a waje. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. A aikin farko ware auduga zalla masu kauri iri ɗaya, sauran ki adana su.

Sai jiƙawa. Kowace kala a robarta, da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, na kamar minti 30. Ja da shuɗin baba da rinanniyar shadda su ne suka fi zuba. Ana yawan cewa a zuba gishiri, amma gishiri ba ya kama rinin da ya riga ya saki. Abin yi shi ne a yi ta canza ruwa har ya fito fes, wanda ya ƙi dainawa a fitar da shi daga aikin ko da ya fi kowanne kyau. Ƙananan ƙyallaye ba a cuɗa su ba a murɗa su, don bakinsu zai zare. A ɗan matse a tafin hannu, a shanya a inuwa, a goge da sauran danshi.

Wajen yanka akwai lissafin da ba a tsallakewa: kowane gefe yana ba da kwatar inci ga ɗinki, wato wajen milimita 6. Idan kina son murabba'i ya fito inci 4 da rabi a jikin bargo, inci 5 za ki yanka. Mutane da yawa kwali suke yankawa su riƙa zagaye shi da alli ko biro. Kwali yana cinyewa, kafin ki zana na 40 kusurwoyinsa sun dakushe ya ragu, ga kaurin alli da ke ƙara wa ƙyalle faɗi. Gara roba mai tauri irin ta bangon fayil, da fensir mai tsini, kuma a yanka a kan layin, ba bayansa ba. Gefen atamfa mai rubutu a cire shi gaba ɗaya, saƙarsa ta fi ta sauran yadin tsauri, ba sa tsukewa daidai. A kuma lura da tafiyar zare. Ja ƙyalle ta tsaye, ba zai miƙe ba, ta kwance zai ɗan ba da kai, ta karkace kuwa sai ya tale sosai. Murabba'in da aka yanka a karkace don a ci ƙyalle duka, shi ne zai zo ya fi 'yan'uwansa tsawo a ƙarƙashin keke. Wannan ne ma ya sa ba na ba ɗan koyo shawarar farawa da zane mai kusurwa uku, domin dogon gefensa a karkace yake.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, wato kwatar incin nan. Tela da ya saba da ɗinkin riga idonsa ya saba da barin rabin inci ko fiye, kuma riga tana yafe ɗan bambanci. Bargo ba ya yafewa, saboda ɗinki da yawa ne ke jere a layi ɗaya. Ɗauki misali: ɗinkinki ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci kacal, abin da ido ba ya kamawa. Tun da ƙyalle biyu ake haɗawa, kowane ɗinki ya ci kashi ɗaya cikin 8. Layi mai murabba'i 8 yana da ɗinki 7, ke nan ya gajarce da kusan inci guda. Da a ce duk layukan haka suka gajarce, da babu damuwa, bargon ne kawai zai ɗan ƙanƙance. Matsalar ita ce layin da aka ɗinka da safe da wanda aka ɗinka da dare a gajiye ba sa zuwa ɗaya.

Maganinsa ba ya cin minti goma. Auna kwatar inci daga allura zuwa dama, ki liƙa salatif na takarda ninki uku ko huɗu a kan farantin keke, ya zama ɗan tudun da bakin ƙyalle zai riƙa bi. Sannan ki gwada: yanki tsiri uku, kowanne faɗin inci 1 da rabi, ki haɗa su gefe da gefe, ki goge. Na tsakiya ya kamata ya auna inci 1 cif, duka ukun kuma inci 3 da rabi. Idan bai kai ba, matso da salatif kusa da allura kaɗan, ki sake. Kada ki amince da faɗin ƙafar da ke danne yadi, don ta tsohuwar Butterfly ko Singer ba lalle ta zo daidai da kwatar inci ba. Allura lamba 12 ko 14 ta isa, sabuwa, da taku gajere kamar milimita 2, don kada bakin ɗinki ya warware lokacin da ake haɗa layi da layi.

Guga ma tana da nata. A wannan aiki ba a jan dutse gaba da baya kamar ana goge kaftani, ɗorawa ake yi a ɗaga, a matsa gaba a sake ɗorawa. Ja yana tale ƙyalle, musamman idan an yayyafa ruwa. Inda ya yiwu, a kwantar da bakin ɗinki ta ɓangaren ƙyalle mai duhu don kada ya nuna ta cikin mai haske, amma tsarin layi shi ne gaba. Layi na ɗaya a kwantar da su dama, na biyu hagu, na uku dama. Idan kika zo haɗa layi biyu za ki ji da yatsa ɗinkin sama da na ƙasa sun sarƙe da juna, sai ki soka fil a kowace mahaɗa. Wanda ya soka fil a farko da ƙarshen layi kawai, zai iske tsakiya ta goce.

Mu ɗauki bargon yaro, murabba'i 8 a faɗi, 10 a tsawo, guda 80 ke nan masu inci 5. Zai fito inci 36 da 45. Shafin baya da abin da za a sa a ciki dole su fi fuskar girma da aƙalla inci 3 a kowane gefe, wato 42 da 51, domin ɗinki yana jan su ciki. Yadi ɗaya da rabi na atamfa zai wadatar ga shafi. Masu tsimin yadi da ke yanka shi daidai da fuska sukan ƙare da gefe ɗaya babu shafi.

Abin ciki kuwa, faiba mara kauri da ake sayarwa a yadi ta fi sauƙi, tsohon bargo mara nauyi da aka wanke shi ma yana yi. Soso a bar wa masu kujera, zafi gare shi kuma yana ruɓewa. Sakakkiyar auduga ko audugar rimi tana curewa wuri ɗaya da zarar ta sha ruwa, sai fa idan an tsare ta da ɗinki kusa da kusa. Duk wanda ya taɓa duba lifidin dawakin hawan Sallah a Kano ko Katsina da kyau ya ga yadda ake yi masa ɗinki a matse, dalilin ke nan, don kada abin cikin ya zube ƙasa. A bargo, kada tazarar layin ɗinki da na kusa da shi ta wuce inci 4.

Haɗa ukun nan shi ne aikin da ake ƙosawa da shi, kuma shi ke jawo ninkewar shafi. A share siminti ko tayil, a shimfiɗa shafi fuskarsa na kallon ƙasa, a liƙe gefunansa da salatif ya miƙe sumul ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. A ɗora faiba, a ɗora fuska, a shafe da hannu daga tsakiya zuwa baki. Sai fil mai kulle, tazarar tafin hannu tsakanin ɗaya da ɗaya. Wannan ƙaramin bargon kansa zai ci fiye da 80. Idan babu su, a yi manyan taku da allurar hannu da farin zare, a tsaye da a kwance, a cire daga baya. A kan katifa ko tabarma ba ya yiwuwa, fil zai kama abin da ke ƙasa.

A keke, a ƙara tsawon taku zuwa milimita 3, a fara daga layin tsakiya a nufi baki, a nannaɗe ragowar bargon ya shige ƙarƙashin hannun keke. Haƙoran keke shafin ƙasa kawai suke ja, ƙafar sama kuma tana tura fuska gaba, shi ya sa ake ganin ɗan tudu yana taruwa gaban allura har ya zama ninki. A sassauta dunƙulen da ke saman kan keke mai ƙara wa ƙafa nauyi, a rage gudu, a baza tafin hannu biyu hagu da dama da allura. Kada a bar bargon yana reto daga tebur, nauyinsa yana karkatar da layi, a jawo kujera ko wani tebur ya tallafe shi. Bayan kowane layi biyu a juya a duba baya. Warware layi ɗaya abu ne mai sauƙi, warware goma kuwa yana huda atamfa.

Baki ne ƙarshe. A daidaita gefuna da rula, a yanke rarar faiba da shafi. Kewayen bargon inci 162 ne, a ƙara 12 saboda kusurwa da mahaɗa. Tsiri biyar masu faɗin inci 2 da rabi, a yanko su ta faɗin atamfa, sun isa har da saura. A haɗa su a karkace don kada mahaɗar ta yi ƙulli, a ninka biyu ta tsawo a goge. A fara ɗinkawa daga tsakiyar gefe ɗaya, ba daga kusurwa ba, a bar jelar inci 8 ba a ɗinka ba don haɗawa a ƙarshe. Saura kwatar inci a kai kusurwa a tsaya, a cire, a ninka tsirin sama sannan a dawo da shi ƙasa daidai da gefe na gaba, a ci gaba. Kada a ja tsirin yayin ɗinki, in an ja, bakin bargo zai kwanƙwashe ya ƙi kwanciya. Daga nan a juya ninkin zuwa baya, ya rufe layin ɗinkin keke, a kama shi da allurar hannu, taku ƙanana, da zare mai kalar bakin.