Rautar gida da ta ofis: ta ina ake shigo mata?

Idan datar rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ta ƙare tun wata bai kai rabi ba, kamfanin sadarwa ake fara zargi. Amma sau da yawa ƙofa ce aka bari a buɗe, maƙwabta da yaran layi suna ta jan data ba tare da mai gida ya sani ba. Toshe ƙofar ba ya wuce minti ashirin, in an san inda za a taɓa.

Rauta tana da kalmar sirri biyu, nan ne mutane ke rikicewa. Ɗaya ta Wi-Fi ce, wadda kake ba waya ta hau. Ɗayar kuma ta shafin sarrafa na'urar ce, wanda ake buɗewa a burauza da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, yawancin na Huawei 192.168.8.1 ne. Adireshin yana rubuce a takardar da aka manna a ƙarƙashin na'urar. Wannan ta biyu ita aka fi mantawa da ita, ana barinta yadda ta zo daga kamfani, sau da yawa "admin". Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka zai iya shiga shafin, ya karanta kalmar sirri, ya canza DNS, wato tsarin da ke kai ka shafin da ka rubuta sunansa, ya riƙa tura ka shafin banki na bogi kana ganin na gaske ne. Manhajar ɓarna ta Mirai da ta kassara manyan shafuka a Amurka a 2016, da kalmomin sirri na kamfani kusan sittin kawai ta kama dubban kyamarori da rautoci. Saboda haka ita za ka fara canzawa, kuma kada ta zama ɗaya da ta Wi-Fi.

Sai nau'in makullin Wi-Fi, wanda ake zaɓa a shafin sarrafawa. Zaɓi WPA3 in akwai, ya fito ne a 2018. In kana da tsohuwar firinta ko wayar da ta ƙi hawa, koma WPA2 tare da AES. Ka guji WEP, ana fasa shi cikin mintuna, haka TKIP, wanda ban da rauninsa yana daƙile gudu ya tsaya a megabit 54. WPA2 yana karɓar harafi 8 zuwa 63, amma takwas sun yi kaɗan. Lambar waya kuwa ita ce mafi muni, domin duk unguwa na da ita. Haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka tsoma lamba a tsakiya.

Kashe WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi da gajeriyar lamba ko danna maɓalli ba tare da kalmar sirri ba. A ganina wannan bai ma kamata ya zo a kunne ba. Lambar sirrinsa mai lambobi takwas ce, amma a 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa na'urar tana duba ta kashi biyu, huɗun farko daban, na baya daban, ta ƙarshe kuma lissafi ne kawai. Gwaji 11,000 ya isa a gano ta, kuma da an gano, na'urar da kanta ke miƙa kalmar sirrin Wi-Fi komai tsawonta. A kashe UPnP, wanda ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa a rauta, da damar shiga shafin sarrafawa daga waje, sai dai in akwai takamaiman buƙata.

Inda ake yawan asarar data yanzu ba fasa makulli ba ne, rabawa ce. Tun daga Android 10, waya na iya nuna kalmar sirrin Wi-Fi a hoton QR. Ka ba baƙo ɗaya, gobe abokansa biyar sun hau. Maganinsa layin baƙi: buɗe Wi-Fi na biyu mai suna da kalmar sirri daban, ka kunna rabewar da ke hana baƙo ganin kwamfutoci da firintar ofis, in na'urar ta yarda ka ƙayyade masa gudu. Canza kalmarsa duk wata ba tare da ka taɓa na'urorin gida ba. Kyamarorin tsaro masu arha da talabijin ma can ya fi dacewa da su, domin ba kasafai ake sabunta musu manhaja ba.

Ɓoye sunan Wi-Fi ba tsaro ba ne, manhajar dubawa na gano shi da zarar wata waya ta hau. Tace na'urori da adireshin MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, ma haka, ana iya kwaikwayonsa, ga shi wayoyin zamani suna sauya nasu, sai ka kulle ɗan gida a waje.

Batun ƙarfin sigina: zangon 2.4 GHz ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa. Sa shi a tasha 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawan juna, faɗinsa kuma megahaz 20. Zangon 5 GHz ya fi gudu, sai dai ginin bulo da siminti na cinye shi, bango biyu ko uku ya raunana. Ɗora na'urar a sama a tsakiyar gida, nesa da firji da ƙofar ƙarfe, kada a kulle ta cikin durowa, zafi ma na sa ta riƙa yankewa.

Duba sabuwar manhajar na'urar duk bayan wata uku, daga shafinta ko na kamfanin da ya ƙera ta, kuma ka tabbatar lambar samfurin ta yi daidai. Kada ka fara sabuntawa a kan wutar NEPA kai tsaye. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, na'urar na iya mutuwa murus. Jona ta da inbata ko UPS tukuna. Rautar da ka saya ta hannu kuwa, danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta da tsinke na kamar daƙiƙa goma, ta koma yadda ta fito daga kamfani, sannan ka fara saiti daga kalmar sirrin shafin sarrafawa.