Sallar 'Yar Autata

Jiya da magariba ina alwala, sai na hango 'yar autata, wata 22 da haihuwa, ta jawo ɗankwalina ta yafa, ta hau sallayar babanta. Ta ɗaga hannu ta ce "Abbar!", ta kifa goshi a ƙasa, shiru ba ta ɗago ba. Da na leƙa, ashe gyaɗar da ta ɓoye ƙarƙashin sallayar take tauna. Na yi dariya har da hawaye.

Wata biyu ke nan da yaye ta. Sati guda ta yi a gidan Hajiya tana kukan nono, ana lallashinta da kunun gyaɗa, ni kuma barci ya gagare ni. Yau ga ta tana riga kowa cewa "Amin". Allah ya raya mini ke, Mamana.