Ɗan tafki a lambun gida: yadda muke gina shi a Kano

Aikinmu shirya lambuna ne a gidaje, kuma duk maigidan da muka ba shawarar haƙa ɗan tafki, sauro yake fara tambaya. Tambayar tana kan hanya. Sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana goma, amma a ruwan da ba mai cin tsutsarsa yake yin haka, kamar kwata ko tsohuwar taya. Tafki mai rai yana da 'ya'yan mazari da ƙananan kifi masu cinye tsutsar. Makonnin farko ne abin tsoro, shi ya sa muke zuba 'yan karfasa kaɗan da wuri. Tarwada kuwa ba ma sa ta, tana dagula ruwa tana haɗiye komai.

Mita 2 a tsawo, ɗaya da rabi a faɗi ya wadatar. Tsakiya ta kai zurfin santimita 70, don ruwa mara zurfi dafuwa yake a zafin Afrilu. Gefe ɗaya a yi shi gangare da tsakuwa, inda kurciya da ƙudan zuma za su sha, kwaɗo ya samu mafita. Ana tsince duwatsu, a shimfiɗa yashi santimita 5, sannan leda mai kauri. Awon ledar: tsawon rami, a ƙara zurfi sau biyu, da rabin mita na baki. A binne bakin da dutse, domin rana ke fasa leda. In siminti ne, a cika a zubar sau uku kafin a sa kifi. Ruwan famfo ya kwana biyu tukuna.

Kada a haƙa ƙarƙashin darbejiya. Ganye zai ruɓe a ciki, saiwa ta huda leda. Inuwar katanga da la'asar ta fi.

Bado ya rufe rabin ruwan, yana rage gansakuka da ƙafewa. Kainuwa sai ana kwashe ta kowane mako, kachalla kuwa kada ta shigo sam. Ruwan sabulu, taki da maganin feshi su yi nisa da wurin.

Kwaɗi na fita da dare suna cin ƙwarin da ke ɓata alayyafo, ƙudan zuma kuma na taimaka wa furen kabewa da lemo. Gidan da ke da ƙananan yara, ba ma miƙa aiki sai mun ɗora ragar ƙarfe mai ɗaukar nauyin yaro.