Kwalli da kwanon ruwa

Talata, bayan isha'i.

Sau uku na goge ƙofar kicin yau da safe, duk aikin Kwalli, 'yar kyanwata. Ina ajiye mata ɗan kwanon roban nan shuɗi ta tsoma hannu, ta janye, ta girgiza, ta sake tsomawa, kamar mai gwada zafin ruwan wanka. Can sai ta shiga da hannu biyu tana facal-facal har kwanon ya kife. Ta yi tsalle gefe, ta bi ruwan da ke gangarawa rariya tana kai masa mari. Na farko dariya na yi, har bidiyo na ɗauka na tura wa Yaya.

A na ukun ne Umma ta fito da buta, santsi ya kwashe ta, Allah ya sa ta dafa bango. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ke 'yar nan, ruwan nan fa saye muke yi." Kuma gaskiyarta. Famfo ya kwana biyu ko ɗigo bai yi ba, 'yan garuwa kuwa tun da zafin nan ya kankama sai an bi su ana lallashi. Ganin ta tana ɗingisa ƙafar nan tata mai ciwo ya sa raina ya ɓaci. Na ɗauke kwanon na kife shi a saman firij, na ja mayafi na tafi wajen ɗinki.

Sai bayan azahar na dawo. Na yi kiran Kwalli, shiru. Na leƙa bayan ɗaki, sai ga ta a bakin babban bokitin nan na fenti, ƙafafun baya a kan baki, gaba ɗaya kanta da hannuwanta sun shige ciki, ruwan kuma ya yi ƙasa sosai. Zamewa ɗaya ta rage. 'Yar wata uku, a bokitin da ba shi da wurin kama farce, ta ina za ta fito? Ban san lokacin da na sure ta ba. Ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna, tawa ma haka take yi.

Umma na zaune a tabarma tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya ɗauke mata ruwa?"

Na ce, "Ni ce, Umma."

"Ni na ce ki ɗauke?"

"Ai gani na yi kin kusa faɗuwa."

Sai a lokacin ta ajiye tiren. Ta ce ita ruwan da ke malala a ƙasa ta yi wa magana, ba ta ce a hana baiwar Allah sha ba, a wannan rana da ake maganar digiri 40. Ta tuna mini hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na san hadisin tun ina Islamiyya, amma yau da ta faɗe shi ina riƙe da Kwalli, jikina sanyi ya yi. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta sassauta, ta kawo labarin Abu Ƙatada, wanda aka zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata mazubin har ta sha ta ƙoshi, ya ce Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu. Ta ce, "Shi karkata mata ya yi, ke kin kife." Wannan maganar ita ta hana ni sakat har yanzu.

Da la'asar Yaya ya kira, ya ga bidiyon. Da na ba shi labari bai yi mini faɗa ba, bayani ya yi irin nasu na likitocin dabbobi. Ya ce kyanwa ba ta gani sosai a kusa da hancinta, ruwa mai kwanciya kuma ba ta gane inda samansa yake, shi ya sa take taɓawa ya motsa kafin ta sa baki. Ƙaramin kwano mai zurfi kuma yana gogar gashin bakinta, wasu ba sa son haka. Sauran kuwa ƙuruciya ce, duk abin da ya motsa abin farauta ne a wurinta. Ya ce kada in doke ta, kada in watsa mata ruwa, tsorona kawai za ta koya. In nemo mazubi mai faɗi da nauyi, in zuba rabi, in nisanta shi da abincinta, in kuma riƙa gajiyar da ita da wasa. Ya ƙara jaddada maganar madara, cewa gudawa take sa yawancinsu, sannan lokacin allurar ciwon haukan kare ya yi.

Umma da kanta ta shiga sito ta fito da tsohon kaskon nan na ƙasa. Muka ɗora shi a kan faranti a inuwa kusa da randa. Abin da ya fantsama a farantin, zogale zai sha. Na ɗaura murfin gora a zare, ni da Kwalli muka yi ta zagaye tsakar gida har ta miƙe a siminti tana haki.

Ɗinkin Anti bai ƙaru ba. Wuta sai ƙarfe tara. Tuwon shinkafa da miyar taushe, ban ci na kirki ba.

Ɗazu na tsaya daga ƙofa ina kallo. Kwalli ta je kaskon, ta tsoma hannu sau ɗaya, ta ture shi bai motsa ba, sai ta sunkuya ta sha, ta daɗe tana sha. Duk bokitan gidan na rufe su, na ɗora dutse a kan murfin durom. Sau biyu ke nan ina tashi da fitila in sake dubawa.